Me Ƙungiya Take Aunawa Kafin Ta Zaɓi Kwatabak?

Tambaya: Na fara bibiyar gasar NFL ta ƙwallon Amurka, kuma na ga ƙungiyoyi suna shafe watanni suna nazarin 'yan wasan jami'a biyu ko uku kafin su ɗauki kwatabak a zaɓen sababbin 'yan wasa na watan Afrilu. Me suke dubawa tsawon wannan lokaci, kuma me ya sa bayan duk wannan wahala suke yawan yin kuskure?

Amsa: Ɗan'uwa mai tambaya, a ganina ƙungiya tana auna abubuwa biyu ne, wato yaron da take son ɗauka da kuma gidan da za ta shigar da shi, kuma yawancin kurakuran da ake ɗora wa na farkon daga na biyun suke tasowa. Kafin na kai ga hujjar wannan, ya kamata a tuna yadda tsarin yake. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, zaɓen yana da zagaye bakwai, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ce take fara zaɓe, saɓanin ƙwallon ƙafar Turai inda mai kuɗi yake sayen wanda ya ga dama. Ba a yarda ɗan wasa ya shiga zaɓen ba sai ya yi shekara uku da gama sakandare. Shi kuwa kwatabak shi ne wanda ƙwallo take bi ta hannunsa a kusan kowane hari, shi yake faɗa wa 'yan'uwansa goma abin da za a yi, shi yake karanta tsayuwar masu tsaron baya, sannan ya yanke shawarar inda zai jefa, galibi cikin abin da bai kai daƙiƙa uku ba. Saboda haka mafi kyawun matashin da ke wannan matsayi yakan faɗa hannun ƙungiya mafi rauni, kuma wannan kaɗai ya isa ya bayyana rabin matsalar.

Misalin da ya fi koyar da darasi shi ne na shekarar 1998. Indianapolis Colts sun ci wasa 3 an cinye su 13 a kakar 1997, don haka zaɓi na farko nasu ne, kuma sabon shugaban harkokin wasansu, Bill Polian, yana da mutum biyu a gabansa: Peyton Manning na jami'ar Tennessee da Ryan Leaf na Washington State. A yau kowa yana jin kamar amsar a fili take, amma a lokacin masana sun rabu gida biyu da gaske. Leaf ya fi girman jiki da ƙarfin hannu, ya kai jami'arsa wasan Rose Bowl, ɗaya daga cikin manyan wasannin ƙarshen kaka na jami'o'i, a karon farko cikin shekara 67, kuma da yawa suna cewa shi ne wanda zai fi bunƙasa nan gaba. Shi kuwa Manning ana yi masa kallon wanda ya riga ya kai iyakar abin da zai iya, mai ilimin wasa amma hannunsa bai kai na Leaf ba. San Diego Chargers, waɗanda suke na uku a jeri, sun ba Arizona Cardinals zaɓin zagayen farko guda biyu da na zagaye na biyu guda ɗaya da 'yan wasa biyu, domin kawai su matsa zuwa mataki na biyu su ɗauki duk wanda Colts suka bari. Wannan yana nuna maka cewa a wurinsu babu wani babban bambanci tsakanin mutanen biyu.

Abu na farko kuma mafi nauyi da ake dubawa shi ne faifan wasannin da ɗan wasan ya buga a jami'a, kuma ba gajeren faifan bajinta da ake yaɗawa a intanet nake nufi ba. Masu nazari suna amfani da hoton da aka ɗauka daga sama, wanda yake nuna dukkan 'yan wasa 22 a lokaci guda, domin a nan ne ake ganin abin da kwatabak ya gani da abin da ya kasa gani. An ruwaito cewa Polian ya zauna ya kalli kowace jifa da Manning da Leaf suka yi a jami'a, har ma ya nemi ra'ayin tsohon kocin San Francisco 49ers, Bill Walsh. Abin da mai ido yake nema a irin wannan kallo shi ne, shin yaron yana sakin ƙwallo tun kafin mai karɓa ya juyo, ko sai ya ga mutum a sarari tukuna yake jefawa? Idan mutum na farko da aka tsara a jefa wa yana riƙe, shin idonsa yana wucewa zuwa na biyu da na uku cikin natsuwa, ko sai ya runtse ya ruga da gudu? A ina ƙwallon take sauka, a gaban mai karɓa inda zai ci gaba da gudu, ko a bayansa inda sai ya tsaya an buge shi? Alkaluman jifa nawa aka cafe cikin ɗari ba sa amsa waɗannan tambayoyi, domin akwai jami'o'in da tsarin wasansu ya cika da gajerun jifa masu sauƙi waɗanda suke kumbura alkaluma.

Ni dai idan aka ba ni lokaci kaɗan, jifan da aka yi cikin matsi kawai zan ware na kalla, wato lokacin da masu tare masa gaba suka fashe, ƙaton mai tsaron baya ya nufo shi, ga shi ana bukatar yadi takwas ko goma a yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba masu hari su ci gaba da yadi goma. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wanda ya buga wa babbar jami'a irin su Alabama ko Ohio State sau da yawa abokan wasansa sun fi na abokan hamayya nesa ba kusa ba, yana tsaye babu mai taɓa shi, masu karɓa kuma suna buɗe da tazarar yadi uku ko huɗu. A NFL wannan tazarar takan koma taku ɗaya. Hatta filin ya bambanta, domin layukan da ake ajiye ƙwallo a kansu tazarar ƙafa 40 ce tsakaninsu a jami'a, a NFL kuwa ƙafa 18 da rabi ce, saboda haka babu wani ɓangaren fili mai faɗi sosai da zai bayyana maka dabarar masu tsaro tun kafin a fara. A jami'a ƙafa ɗaya a cikin fili ta isa a ce an cafe jifa, a NFL sai ƙafa biyu. Kuma har zuwa 2024 ba a amfani da na'urar magana cikin hular kwatabak a manyan wasannin jami'a, yawancinsu daga gefen fili ake yi musu ishara, wasu ma ba su taɓa tara 'yan wasa su karanta musu doguwar jimlar umarni da bakinsu ba. Duk wannan yana nufin mai nazari yana kallon wasa ɗaya ne yana hasashen wani wasan daban.

Daga nan sai yawan wasannin da mutum ya fara da su, kuma a nan bambancin Manning da Leaf ya fito ƙarara. Manning ya kammala digirinsa cikin shekara uku, yana da damar shiga zaɓen 1997, amma ya koma jami'a ya ƙara kaka guda, ya fita da wasanni 45 waɗanda ya ci 39 a cikinsu. Leaf wasanni 24 ya fara da su, kuma ya bar jami'a da saura shekara guda. Tsohon koci Bill Parcells ya shahara da wasu sharuɗɗa da yake gindayawa, daga ciki akwai cewa ɗan wasa ya kammala karatu, ya yi shekara uku yana riƙe da matsayin, kuma ya fara aƙalla wasanni 30. Ba na ɗaukar waɗannan sharuɗɗa a matsayin doka, amma hikimar da ke ƙarƙashinsu gaskiya ce, domin wanda ya daɗe yana wasa abokan hamayya sun samu lokacin nazarinsa, sun gano rauninsa, sun kai masa hari ta nan, kai kuma ka ga yadda ya amsa. Chicago Bears sun ɗauki Mitchell Trubisky a mataki na biyu a 2017 alhali wasanni 13 kacal ya fara a North Carolina, suka tsallake Patrick Mahomes da Deshaun Watson, waɗanda suka fi shi haskakawa daga baya. San Francisco sun sadaukar da zaɓin zagayen farko na shekara uku a 2021 saboda Trey Lance, wanda ya fara wasanni 17 a North Dakota State, ƙarshe wasanni huɗu ya fara musu kafin su sallama shi ga Dallas. A ɗaya ɓangaren, Jayden Daniels da Bo Nix, waɗanda kowannensu ya haura wasanni 50 a jami'a, sun kai Washington da Denver zagayen fitar da gwani a kakarsu ta farko a 2024.

Gwaje-gwajen jiki su ne suka fi cika kafafen labarai, kuma su ne mafi ƙarancin amfani. A taron gwaji da ake yi a Indiyanapolis a ƙarshen Fabrairu ana auna tsawo da nauyi da faɗin tafin hannu da gudun yadi 40. An yi ta surutu a kan tafin hannun Joe Burrow mai inci 9 a 2020, shekara biyu bayan haka ya buga Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar. Tsawon Russell Wilson, wanda bai kai ƙafa shida ba, shi ya jefa shi zagaye na uku a 2012, kuma a kakarsa ta biyu ya ci kofi da Seattle. Abin da ya fi muhimmanci a taron shi ne abin da ba a haskawa a talabijin, wato binciken likitoci a kan kafaɗa da gwiwa da tsofaffin raunuka.

Sai kuma hali da hankali, kuma a nan aikin ya fi kama da binciken da iyaye suke yi kafin su ba da 'yarsu aure, inda ba a tsayawa ga abin da manemi ya faɗa game da kansa, sai an bi ta wurin waɗanda suka zauna da shi. Masu farauto 'yan wasa suna tambayar mai kula da kayan wasa da mai gasa wa 'yan wasa jiki da malaman aji, domin babban koci yakan yabi yaronsa ko ta halin ƙaƙa, amma ƙananan ma'aikata sun san wanda yake fara zuwa da wanda yake wulaƙanta na ƙasa da shi. A taron Indiyanapolis kowace ƙungiya tana da ganawa 45 ta minti 18 kowace, daga baya kuma tana iya gayyatar mutum 30 zuwa hedikwatarta. A nan ake zana wa yaro dabarun hari a allo, a ɗauke masa hankali da wata hira, sannan a miƙa masa alƙalami a ce ya sake zanawa ya yi bayani. Ana kuma kunna masa mafi munin jifansa a tambaye shi abin da ya faru, domin a ji ko zai ɗauki laifin ko zai ɗora wa mai karɓa. Polian ya sha ba da labarin cewa Manning ya zo ganawarsu da takarda cike da nasa tambayoyin, har ya zama kamar shi yake yi wa ƙungiyar jarrabawa. Ganawar da aka shirya da Leaf a taron kuwa ba ta yiwu ba, kuma har yau akwai saɓani a kan dalilin. Jarrabawar rubutu ta Wonderlic mai tambaya 50 cikin minti 12, wadda aka daɗe ana yi, hukumar gasar ta daina shirya ta a 2022, kuma ban ga asara a cikin haka ba. An yayata cewa C.J. Stroud ya yi ƙasa a wata sabuwar jarrabawar saurin fahimta a 2023, sai ga shi ya yi jifan yadi 4,108 a kakarsa ta farko, sau biyar kawai abokan hamayya suka cafe masa ƙwallo.

Colts sun ɗauki Manning, Chargers suka ɗauki Leaf, kuma sakamakon sananne ne. Manning ya zama gwarzon gasar sau biyar, ya ci Super Bowl sau biyu. Leaf ya ci wasanninsa biyu na farko, a na uku a Kansas City jifa ɗaya kawai abokan wasansa suka cafe cikin 15 da ya yi, daga nan al'amura suka dagule tsakaninsa da 'yan jarida da abokan wasa, ya ƙare zamansa a gasar da jifa 14 da suka kai ga maki da 36 da suka faɗa hannun abokan hamayya. Shi da kansa ya sha faɗa a bainar jama'a daga baya cewa bai iya ɗaukar shan kaye da suka ba a wancan lokacin. To amma akwai abin da ake mantawa da shi, kuma shi ne zuciyar amsata. Manning ma kakarsa ta farko ba ta yi daɗi ba, domin sau 28 abokan hamayya suka cafe masa ƙwallo, abin da ba a taɓa gani ba daga sabon ɗan wasa, kuma Colts sun sake ƙarewa da nasara 3 da rashin nasara 13. Bambancin shi ne ba a zaunar da shi a benci ba, koci Jim Mora yana nan, mai tsara hari Tom Moore ya zauna da shi sama da shekara goma, ga Marvin Harrison yana karɓar jifa, ga Tarik Glenn yana tsare masa baya. A 1999 sai lissafin ya juye, suka ci 13 aka cinye su 3. Leaf kuwa wasa shida kawai aka buga aka kori kocinsa Kevin Gilbride. Ba ina cewa da an musanya su da Leaf ya zama Manning ba ne, domin bambancin halinsu na gaske ne, amma yaron da ya fi bukatar tsayayyen gida shi ne ya faɗa gidan da yake girgiza.

Wannan ya maimaitu sau da yawa har ya wuce a kira shi tsautsayi. David Carr, zaɓi na farko a 2002, an kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 76 a kakarsa ta farko a sabuwar ƙungiyar Houston, kuma wanda aka yi wa irin wannan duka yakan koma kallon masu nufo shi maimakon kallon masu karɓa. Bryce Young an kayar da shi sau 62 a Carolina a 2023, aka kori kocinsa Frank Reich bayan wasa 11, kuma mafi ƙwarewar mai karɓar jifa a ƙungiyar, DJ Moore, yana cikin abin da aka bayar domin a samu damar ɗaukar Young ɗin. Baker Mayfield ya ga manyan koci huɗu a kaka uku na farko a Cleveland, sai a Tampa Bay ya samu natsuwa. Sam Darnold, wanda aka yanke wa hukuncin gazawa a New York Jets, ya ci wasa 14 da Minnesota a 2024. Kwatanta waɗannan da Mahomes, wanda Kansas City suka haura daga mataki na 27 zuwa na 10 suka ɗauka, suka zaunar da shi kusan kaka guda a bayan Alex Smith ƙarƙashin Andy Reid, sannan ya fito a 2018 ya yi jifa 50 da suka kai ga maki.

Dole a yi adalci a ce akwai waɗanda suka karya duk ma'aunin da na ambata. An daɗe ana cewa saitin jifa ba ya gyaruwa bayan jami'a, sai ga Josh Allen, wanda kashi 56 cikin ɗari na jifansa kawai ake cafewa a Wyoming, ya kai kashi 69 a 2020 a Buffalo, ya kuma zama gwarzon gasar a 2024. Sai dai ko shi ɗin, mai tsara hari ɗaya, Brian Daboll, ya riƙe shi kaka huɗu a jere, kuma an sayo masa Stefon Diggs a daidai shekarar da ya bunƙasa. Lamar Jackson sai a mataki na 32 aka ɗauke shi a 2018, kuma Baltimore ba su tilasta masa tsarin wani ba, sun rushe nasu suka gina sabo a kan gudunsa, ya zama gwarzo a 2019 da 2023. Tom Brady a mataki na 199 aka ɗauke shi a 2000, Brock Purdy kuma shi ne na 262, na ƙarshe gaba ɗaya a 2022, duk da haka su biyun sun yi fice, amma irin waɗannan ba su da yawa, kuma babu shugaban da zai gina shirinsa a kan fatan samun irinsu.

Akwai kuma kuɗi, wanda yake ingiza ƙungiyoyi su yi gaggawa. Kafin 2011 sabon ɗan wasa yakan karɓi kwantiragi mai nauyi tun bai buga komai ba, kamar Sam Bradford da ya sa hannu a kan dala miliyan 78 na shekara shida a 2010. Yarjejeniyar 2011 ta ƙayyade albashin sababbi, shi ya sa Cam Newton ya samu kimanin dala miliyan 22 na shekara huɗu. A 2024 Caleb Williams ya samu kusan dala miliyan 40 na shekara huɗu gaba ɗaya, a shekarar da Dak Prescott ya sa hannu a kan dala miliyan 60 a kowace shekara, alhali iyakar abin da aka yarda ƙungiya ta kashe wa dukkan 'yan wasanta bai wuce dala miliyan 255 da 'yan kai ba. Ka ga duk wanda ya dace da matashin kwatabak nagari ya samu rarar kuɗin da zai ɗauko manyan 'yan wasa huɗu ko biyar. Wannan riba ce ta sa aka ɗauki kwatabak shida a cikin mutum 12 na farko a 2024. Ga kuma matsin da ke kan koci da manaja waɗanda kujerarsu take rawa, domin ɗauko sabon kwatabak yakan saya musu haƙurin mai ƙungiya na shekara ɗaya ko biyu, kuma mutumin da yake cikin wannan hali yakan ga abin da yake son gani a faifai.

Saboda haka idan kana bibiyar zaɓe mai zuwa, kada ka tsaya ga wanda ya fi nisan jifa a ranar nuna bajinta a jami'arsa, inda yake sanye da gajeren wando babu mai bin sa. Ka duba wasa nawa ya fara, ka nemi wasan da ya fi shan wahala ka kalla, sannan ka juya ga ƙungiyar ka tambaya ko mutum biyar ɗin da za su tare masa gaba sun iya aikinsu, ko kocin da ya zaɓe shi zai kai baɗi, ko akwai tsohon hannu da zai riƙe wurin idan yaron bai nuna ba tukuna. Ƙungiyar da ta duba ta ga babu wanda ya gamsar da ita, ko ta ga gidanta bai shirya ba, tana da wata hanya, ita ce ta sayar da matakinta ga mai gaggawa. Haka Chicago suka yi a 2023, suka ba Carolina mataki na farko, suka karɓi DJ Moore da mataki na tara da wasu zaɓuɓɓuka, ciki har da na zagayen farko na Carolina a shekara mai zuwa. Carolina suka ƙare kakar da nasara 2 da rashin nasara 15, wannan zaɓi ya zama na farko a 2024, da shi Chicago suka ɗauki Caleb Williams.